Sharhi: Sana'ar gyaran bindiga da makomar masana'antun Kano

A Amurka, mutumin da ya mallaki ƙaramar bindiga yana iya shiga kanti ya sauya mata kunama ko abin saiti, kamar yadda mai mota ke sauya taya ko fitila.

A Kano kuwa, makanikin da aka kama yana irin wannan aiki a Sharada ko Challawa ko Bompai, kotu zai nufa, shi da mai bindigar.

Batun dai ba sabo ba ne, amma ya sake tasowa tun daga ƙarshen shekarar 2025, lokacin da 'yan bindiga suka riƙa kai hare-hare a ƙananan hukumomin Shanono da Tsanyawa da ke iyakar Kano da Katsina.

A watan Nuwamba na wannan shekarar ne kuma Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin janye 'yan sandan da ke gadin manyan mutane, domin a mayar da su bakin aikin tsaron jama'a.

Waɗannan abubuwa sun farfaɗo da tambayoyi biyu da aka daɗe ana yi. Ta farko ita ce ko ya dace a ƙyale farar hula su riƙe makami don kare kansu da dukiyarsu. Ta biyu kuma ita ce ko masana'antun Kano, waɗanda da dama daga cikinsu ke rufe, za su iya samun gurbi a harkar ƙera kayan tsaro da gwamnatin tarayya ke cewa tana son bunƙasawa.

Kunama da saiti

Abubuwa biyu ne masu bindiga a ƙasashen da doka ta amince suka fi kashe wa kuɗi, wato kunama da abin saiti.

Ana auna kunamar bindiga ne da nauyin da yatsa zai ja kafin harsashi ya fita. Ƙananan bindigogin kamfanin Glock na ƙasar Ostiriya, waɗanda 'yan sandan ƙasashe da dama ke amfani da su, suna fitowa daga masana'anta da nauyin kimanin kilo 2.5.

Masu shiga gasar harbi sun fi son kunama mai sauƙi, domin gwargwadon ƙarfin da yatsa ya sa, gwargwadon yadda bakin bindiga ke kauce wa abin da aka auna. To sai dai ko a gasa ma akwai iyaka. Hukumar wasan harbi ta duniya ba ta yarda nauyin kunama ya gaza giram 500 a gasar ƙaramar bindigar iska ta mita 10 ba, kuma alƙalai kan auna kafin ko bayan wasa.

Ga wanda ke yawo da bindiga a ƙugu kuwa lissafin daban ne. Kunamar da ta cika sauƙi tana iya tashi a lokacin firgici, ko sa'ad da ake zaro bindigar ko mayar da ita.

Wannan ne ya sa rundunar 'yan sandan birnin New York ta shafe shekaru tana ba jami'anta bindigogin da nauyin kunamarsu ya haura kilo 5. A shekarar 2021 ne ta fara sassautawa ga sababbin ɗauka, bayan da ta ce gwaji ya nuna cewa nauyin na rage musu iya saiti.

Shi kuwa abin saiti, a da ɗan tsini ne a gaban bindiga da ɗan tsagi a baya. Daga bisani aka fito da masu ɗauke da sinadarin tiritiyom da ke haske a cikin duhu ba tare da batir ba, sai kuma ɗan ƙaramin madubi mai nuna jan ɗigo a kan abin da aka auna.

Kasuwar waɗannan kayayyaki babba ce a Amurka, inda cibiyar binciken ƙananan makamai ta Small Arms Survey da ke Geneva ta ƙiyasta a 2018 cewa farar hula na riƙe da bindigogi kimanin miliyan 393, adadin da ya fi yawan mutanen ƙasar.

Ko a can ɗin ma harkar ba ta rasa matsaloli ba. A 2017 kamfanin SIG Sauer ya yi tayin sauya wasu sassan bindigarsa samfurin P320 kyauta, ciki har da kunama, bayan rahotannin cewa tana iya tashi idan ta faɗi ƙasa, ko da yake kamfanin ya ci gaba da cewa bindigar ta cika ƙa'idojin aminci.

Haka kuma hukumomin Amurka na fama da wani ɗan ƙarfe haramtacce da ɓata-gari ke liƙa wa ƙaramar bindiga ta koma mai sarrafa kanta. Hukumar da ke kula da makamai a ƙasar ta ce an kama irin waɗannan ƙarafa 5,454 tsakanin 2017 da 2021.

Akwai kuma masu horar da harbi da ke ganin cewa an cika zuzuta kayan ƙari. Sukan ba da misali da Yusuf Dikec na Turkiyya, wanda ya ci lambar azurfa a gasar Olamfik ta Paris a 2024, hannunsa guda a aljihu, ba tare da tabarau na musamman da abokan karawarsa ke sawa ba.

Abin da dokar Najeriya ta ce

Dokar da ke kula da bindigogi a Najeriya ta samo asali ne tun 1959, shekara guda kafin samun 'yancin kai, kuma ta kasa makamai gida uku.

Kashin farko shi ne haramtattun makamai, waɗanda babu mai riƙe su sai da lasisin shugaban ƙasa. A nan ne aka sa bindigogin yaƙi da masu sarrafa kansu da gurneti, kuma a nan ne aka sa ƙaramar bindiga ko wace iri ce, har da libarba.

Kashi na biyu shi ne bindigogin farauta da na iska, waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu. Na uku kuma su ne irin su adaka da ake ɗura wa albarushi ta baki, waɗanda lasisinsu ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha.

Wanda aka samu da haramtaccen makami ba tare da izini ba yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba.

Dokar ba ta tsaya ga mallaka kaɗai ba. Ta hana ƙera bindiga ko harhaɗa ta ko gyara ta, sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko ta sojoji, in ban da ɗan sassaucin da ta ba Sufeto Janar na ya ba da izinin gyaran bindigogin farauta da ƙera na gargajiya.

Ma'ana dai, abin da ya zama sana'ar dubban ƙananan kamfanoni a Amurka, a Najeriya laifi ne tun daga tushe.

Ba Najeriya kaɗai ke da irin wannan tsauri ba. Birtaniya, wadda ta bar wa ƙasar wannan doka, ta haramta wa farar hula kusan dukkan ƙananan bindigogi a 1997, bayan kisan yara 'yan makaranta a garin Dunblane a 1996, har ta kai 'yan wasan harbinta kan fita ƙasashen waje domin atisaye.

A watan Agusta na 2023 rundunar 'yan sandan Najeriya ta ce ta dakatar da ba da lasisin bindiga, saboda yawan makaman da ke hannun jama'a.

Duk da haka an sha jin manyan jami'ai na kiran a sassauta. A 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya nemi jama'a su tashi su kare kansu. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta umarci mazauna jihar su nemi lasisin bindiga, amma babban hafsan tsaron ƙasar na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi.

Wa ke gadin masana'antu?

Ga masu masana'antu a Kano, maganar tsaro ba labari ba ce da suke ji daga nesa.

A unguwar Bompai ne hedikwatar 'yan sandan jihar take, kuma tana cikin wuraren da ƙungiyar Boko Haram ta kai wa hari ranar 20 ga Janairun 2012, ranar da aka kashe mutum aƙalla 185 a birnin.

A watan Mayu na 2013 kuma jami'an tsaro suka ce sun gano rumbun makamai a ƙarƙashin wani gida a Bompai, suka kuma danganta shi da ƙungiyar Hizbullah ta Labanon. A watan Nuwamba na wannan shekarar wata babbar kotun tarayya a Abuja ta wanke 'yan asalin Labanon uku da aka gurfanar daga tuhumar ta'addanci.

A tsawon waɗannan shekaru, mai gadin da ke tsaye a ƙofar kamfanin fata a Challawa ko na roba a Sharada bai da abin da ya wuce sanda da tocila da usur.

Dalili kuwa shi ne dokar kamfanonin gadi masu zaman kansu ta 1986 ta hana ma'aikatansu riƙe bindiga. Kamfanin da ke son tsaro mai makami dole ne ya nemi 'yan sanda ko jami'an sibil difens, wanda kuma ƙarin ɗawainiya ce a kan ta wutar lantarki da man gas da haraji.

Manyan kamfanoni na iya ɗaukar wannan nauyi. Ƙanana kuwa, waɗanda su ne suka fi yawa, sai dai su dogara ga katanga da 'yan sintiri da addu'a.

Masu goyon bayan a sassauta doka na cewa ba adalci ba ne a ɗaure hannun mai gaskiya alhali ɓarawo na yawo da makami. Masu adawa kuwa na nuni da cewa yawancin laifukan da ke addabar birnin Kano, irin su faɗan daba da ƙwacen waya, da wuƙa da gora ake aikata su. A ganinsu, ranar da ƙaramar bindiga ta zama abin sawa a aljihu, rigimar da a da ke ƙarewa a asibiti za ta riƙa ƙarewa a maƙabarta.

Daga maƙera zuwa ɓoye

Kano dai ba baƙuwa ba ce ga aikin ƙarfe. Tarihin baka na cewa maƙeran Abagayawa ne suka fara zama a gindin dutsen Dala domin neman tama.

Kundin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye dogarai masu bindiga. Har gobe 'yan bindigar sarki na cikin abin da ake zuwa kallo a hawan Salla, kuma maƙera ne ke gyara musu bindigoginsu, haka ma na mafarauta.

Abin da ya sauya shi ne irin kayan da ake nema da kuma masu nemansu.

Wani rahoto da cibiyar Small Arms Survey ta fitar a 2018 a kan bindigogi ƙirar gida a Najeriya ya gano cewa kusan kashi 17 cikin 100 na masu riƙe da makami a karkara, ƙirar gida ce a hannunsu, yayin da a birane adadin ya kai kimanin kashi 10.

Rahoton ya kuma lura cewa aikin ya wuce adaka, inda wasu maƙera ke kwaikwayon ƙananan bindigogi na zamani da ma na yaƙi. Garin Awka na jihar Anambra ne ya fi yin suna a wannan sana'a, amma 'yan sanda da sojoji sun sha sanar da gano irin waɗannan maƙeru a jihohin Filato da Binuwai da Kaduna.

Cibiyar ta ƙiyasta cewa farar hula a Najeriya na riƙe da bindigogi fiye da miliyan 6, kuma ƙalilan ne daga ciki ke da rajista.

A nan ne babban bambanci yake tsakanin mai gyaran kunama a Amurka ko Turai da maƙerin da ke aiki a ɓoye a Najeriya. Na farkon yana da ma'auni da ƙarfe mai inganci da wurin gwaji, kuma idan kayansa suka yi ɓarna ana iya kai shi kotu. A Ingila, tun 1813 aka kafa gidan gwajin bindigogi a Birmingham, inda ake jarraba bututun bindiga a buga masa hatimi kafin a sayar.

Na biyun kuwa yana aiki ne da abin da ya samu, ba gwaji, ba lamba, ba rajista. Idan bindigar ta fashe a hannun mai ita ko ta tashi a wurin biki, babu wanda za a tambaya. Idan an yi kisa da ita, babu hanyar gano inda ta fito.

Hatta a tsakanin jami'an tsaro, 'yan Najeriya sun saba jin an ce an harbi mutum bisa kuskure a shingen bincike. Masana harkar tsaro kan danganta hakan da ƙarancin horo da rashin kula da makamai, abin da ke nuna cewa matsalar kunama ba ta ƙarfe kaɗai ba ce.

Injuna a kwance

Bompai ce mafi daɗewa a cikin unguwannin masana'antu na Kano, kafin a buɗe Sharada, wadda aka kasa kashi uku, da kuma Challawa da ta yi suna wajen sarrafa fata.

A shekarun 1970 zuwa farkon 1980, Kano ce ke bin Legas a yawan masana'antu, inda ake saƙa tufafi, ana matse man gyaɗa, ana yin tasoshi da alewa da takalma da kayan roba.

Kowane babban kamfani a lokacin yana da sashen gyara, da injunan sassaƙa ƙarfe da ƙwararrun da ke iya ƙera abin da ya lalace a inji ba tare da an jira shi daga Turai ba. Irin wannan ƙwarewa ce ake buƙata wajen ƙera ƙananan sassa masu buƙatar awo na daidai, ko na mota ne, ko na injin ban-ruwa, ko na makami.

Koma-bayan ya fara ne da shirin tsuke bakin aljihu na 1986 da faɗuwar darajar naira, sannan ƙarancin wutar lantarki da kwararowar kayan waje masu araha suka ƙarasa da dama daga cikin kamfanonin. Wasu gine-ginen sun koma ma'ajiyar kaya, ƙwararrun kuma suka watsu, wasu suka buɗe shagunan walda, wasu suka koma harkar kayan gyara a kasuwar Ƙofar Ruwa.

Rassan ƙungiyar masu masana'antu ta Najeriya biyu da ke Kano, na Sharada da Challawa da kuma na Bompai, sun sha kokawa a kan tsadar wuta. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da lantarki ta ƙara kuɗin wuta ga rukunin da aka yi wa alkawarin sa'a 20 a rana, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni.

An ɗan yi ƙoƙarin rage matsalar. A watan Janairu na 2023 aka buɗe tashar lantarki mai amfani da hasken rana mai ƙarfin megawat 10 a yankin Challawa. A 2020 kuma aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa bututun iskar gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, aikin da aka sha ɗage lokacin kammala shi.

Akwai kuma batun ƙarfe. Kamfanin mulmula ƙarafa na Ajaokuta, wanda aka kafa tun ƙarshen shekarun 1970 da taimakon Tarayyar Sobiyet, ya shafe fiye da shekara 40 bai kai ga yin aikin da aka gina shi dominsa ba. Duk wanda ke buƙatar ƙarfe na musamman sai ya sayo daga waje da dala.

Ƙofar da DICON ta buɗe

Kamfanin ƙera makamai na gwamnatin tarayya, DICON, yana Kaduna, kimanin kilomita 230 daga Kano. An kafa shi a 1964 da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma.

Ya ƙera bindigogin yaƙi da harsasai da wata ƙaramar bindiga da aka kwaikwayo daga samfurin Browning. A zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo ya fito da OBJ-006, wadda aka yi bisa tsarin AK-47, sannan a 2018 ya ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin gwamnatin Foland domin harhaɗa bindigogi samfurin Beryl.

Sai dai an daɗe ana sukar kamfanin da cewa bai kai ga biyan buƙatun sojoji da 'yan sanda ba, har akwai lokacin da aka fi saninsa da yin kujeru da tebura.

A watan Nuwamba na 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar DICON, wadda ta maye gurbin ta 1964. Dokar ta ba kamfanin ikon kafa rassa, da haɗa gwiwa da 'yan kasuwa, da sa ido a kan masu ƙera kayan tsaro a ƙasar.

Wannan ce kaɗai halattacciyar ƙofa da wani kamfani a Sharada ko Bompai zai iya bi ya shiga harkar. Ko a ƙasashen da suka yi nisa, babban kamfanin makamai ba shi ke yin komai da kansa ba. Yakan ba ƙananan kamfanoni kwangilar sifirin da kusoshi da mariƙin roba da kube.

Idan aka duba abin da Kano ke da shi a ƙasa, fata da roba da saƙa su ne suka fi kusa da hannu. Takalman soja da ɗamara da kube da kaki da tantuna ba sa buƙatar ƙarfen waje, kuma ba sa zama barazana idan sun faɗa hannun da bai dace ba.

Masu ra'ayin a jawo maƙera cikin tsari kan ba da misali da ƙauyen Huglu da ke lardin Konya a Turkiyya, inda maƙeran bindigar farauta suka kafa ƙungiyar gama-kai a 1962, daga bisani suka kai ga sayar da kayansu a Turai da Amurka.

Masu ɗari-ɗari da wannan ra'ayi kuwa na tuna garin Darra Adam Khel da ke kusa da Peshawar a Pakistan, inda aka shafe shekaru aru-aru ana kwaikwayon kowace irin bindiga ana sayarwa ba tare da cikakken ikon hukuma ba.

Suna kuma nuni da cewa ko halattacciyar masana'anta tana iya yoyo. A 2017 hukumar kwastan ta Najeriya ta kama bindigogin farauta masu cin harsashi da yawa har 2,671 a Legas a karo huɗu, ta kuma ce akasarinsu daga Turkiyya aka yi lodinsu. A watan Yuli na 2024 ta sanar da kama wasu 844 da harsasai 112,500 a tashar jiragen ruwa ta Onne da ke jihar Ribas.

Rajista kafin ƙira

Najeriya na cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 a kan ƙananan makamai, wadda ta fara aiki a 2009. Yarjejeniyar ta buƙaci kowace ƙasa ta tattara sunayen masu ƙera makamai a cikin gida, ta yi musu rajista, ta kuma tabbatar an buga wa kowane makami lambar da za a iya bin sawunsa da ita.

A 2021 gwamnati ta kafa cibiyar hana yaɗuwar ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, aka kuma ba ta ƙarfin doka a 2024. A watan Oktoba na wannan shekarar cibiyar ta lalata makamai fiye da 2,400 a Abuja.

Idan aka kwatanta wannan adadi da miliyoyin da aka ƙiyasta suna hannun jama'a, za a ga cewa da sauran aiki.

Akwai kuma matsalar makaman gwamnati kansu. Rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya na shekarar 2019 ya ce an kasa gano inda bindigogin 'yan sanda fiye da 178,000 suke, ciki har da AK-47 fiye da 88,000. Masu sharhi na ganin cewa ƙasar da ba ta gama ƙidaya makaman da ke rumbunta ba, da wuya ta iya sa ido a kan ɗaruruwan ƙananan maƙeru.

Wasu jihohin arewa sun zaɓi wata hanya ta tsaka-tsaki. Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a watan Oktoba na 2023, Zamfara kuma ta kafa Askarawa a watan Janairu na 2024, inda ake horar da matasa su yi aiki tare da jami'an tsaro maimakon a bar kowa ya nemi makaminsa.

Ga ma'aikacin da ke neman abin sawa a baki a Sharada, da mai kamfanin da ke biyan kuɗin wuta da na gadi a Challawa, abin da ke gabansu bai kai ga zancen nauyin kunama ko madubin saiti ba. Suna neman wutar da za ta juya inji, da ɗan sandan da zai zo idan an kira shi.

Abin jira a gani shi ne ko sabuwar dokar DICON za ta kai ga ba kamfanonin Kano kwangilar da za ta mayar da ƙwararru bakin aiki, da kuma ko majalisar dokoki ta ƙasa za ta sake duba dokar 1959, wadda aka rubuta a zamanin da mafi yawan bindigogin da ke hannun talakawan arewa na farauta ne.